Haka Ne, Kawu

Japan, watan Oktoba

Zuwa ga Yayata Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sa'idu da yara. Yaya jikin Inna, yaya kuma idon nata? Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata na sauka lafiya kuma ina cin abinci, don na san abin da za ta fara tambaya ke nan.

Na bi shawararki. Da hannu nake rubuta wannan, in na gama in ɗauki hotonta in turo ta waya, tunda kira ya ƙi yi mana. Lokacin da kike tashi daga koyarwa a lakkwal ni na yi nisa da barci, in kuma na samu sarari, ku ba kuran na caji ko ba reso a waya. Haka ma zai fi miki sauƙin karanta wa Inna.

Garin da aka kawo mu sitaj, wato horon aiki, yana arewa da Tokyo. Dukanmu malaman gona ne daga ƙasashe daban-daban. Da safe muna ɗakin rainon iri, wata babbar rumfa ce ta leda mai ɗumi inda ake tada tumatir da barkono. Da yamma kuma ajin Japananci. Yaya, na gaji. Ba aikin gonar ba, wannan na saba da shi tun muna bin Inna lambun bakin tabki. Ajin ne ke cinye ni. Mutum ya haura arba'in, da ƴaƴansa a lakkwal, a zaunar da shi yana maimaita baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya, in ya fito kuma ko alamar bakin hanya ba ya iya karantawa.

Malamarmu sunanta Morita, mace ce mai haƙuri, ba ta ɗaga murya. Makon nan ta koya mana yadda ake amsa maganar mutum cikin ladabi. In wani ya ce yau akwai sanyi, sai ka ce "so desu ne", wato haka ne. In ya faɗi ra'ayinsa kuma naka ya zo ɗaya da nasa, sai ka ce "watashi mo so omoimasu", ni ma haka nake gani. Wannan darasi dai bai ba ni wuya ba. Na riga kowa haddace shi, har ta yaba mini a gaban aji.

Tun daga ranar na samu sauƙi. A kanti, a jirgin ƙasa, a gona, duk wanda ya yi mini doguwar magana ban gane ba, sai in gyaɗa kai in ce "so desu ne", mu rabu yana murmushi ina murmushi.

Na yi magana da uwargidana Rashida, ta ce za ta kawo yara daga Maraɗi su ga Inna in an yi hutu. Ki gaida Kawu Illo in ya shigo daga Ɗan Issa.

Ƙanenki,
Alhassan

Madarumfa, watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Alhassan,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da ka sauka lafiya. Mu ma lafiya lau. An gama girbi, geron bana ba laifi, wake ne tsutsa ta ɓata. Na karanta wa Inna, ta sa na sake karantawa. Ta yi dariya da ta ji an zaunar da kai aji, ta ce a gaya maka ka riƙa rufe kunnuwanka saboda sanyi.

Maganar ido ba zan ɓoye maka ba. Yanar ido ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama ma inuwa kawai take gani da shi. Ta daina zuwa lambun zogale. Kwanan baya ta taka garwashi a madafa, Allah ya taƙaita abin, amma tun daga nan hankalina ba ya kwanciya in na bar ta. Ni ce safe, ni ce yamma. In dafa mata in ajiye kusa da hannunta kafin in tafi lakkwal, in na tashi in biyo ta nan kafin in isa gidana. Ajina bana ya cika har ba wurin wucewa, dirakten lakkwal ɗinmu kuma ba ya son jin uzuri.

Na kai ta asibitin Maraɗi. Likita ya duba ya ce yana ce, ana cire ta, aikin ba ya daɗewa. Akwai likitocin ido da za su zo watan Janairu, ya rubuta sunanta. Tunda muka shiga Inna ke roƙon mu koma gida har muka fito. Ka san tun rasuwar Baba a can ba ta son ko warin wurin.

Ranar Juma'a Kawu Illo ya zo. Da na gaya mishi, ya ce ba za a yanka idon ƙanwarsa yana raye ba. Wai akwai wani mai maganin ido da ke zuwa Ɗan Issa ranar kasuwa, yana sa wani siririn ƙarfe ya ture yanar, mutum ya tashi yana gani nan take. Ya yi ta kawo mini sunayen waɗanda aka yi wa. Na ce mishi likita ya ja mini kunne musamman a kan irin wannan aiki. Ya ce ni matar wani gida ce, maganar Inna tana hannunsa da hannunka. Ita kuwa Inna ta ce duk abin da Alhassan ya ce shi za ta bi.

To ka ji inda aka tsaya. Na san Kawu ne ya riƙe ka bayan Baba, shi ya sa ka lakkwal, kuma ban taɓa jin ka musa mishi ba. Amma wannan karon ina so ka rubuto naka a fili, yadda in na karanta wa Inna ba sai na yi mata bayani ba.

Malam Sa'idu yana gaishe ka.

Yayarka,
Zahara'u

Japan, farkon Disamba

Yaya Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, yaya ƙafar Inna? Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, makon da ya wuce bai yi mini daɗi ba.

Sanyi ya sauko a nan, irin wanda ke shiga haƙori. Akwai wani dattijo mai kula da rumfar iri, sunansa Kuroda, ba ya jin kowane harshe sai nasu. Wata yamma na shiga na ga ledar ta yi gumi sosai daga ciki, na ji tsoron ruɓa ta kama tumatir ɗin da muka shuka. Na harhaɗa ƴan kalmomina na tambaye shi ko in buɗe tagogi su sha iska. Ya karkata kai, ya ja numfashi ta haƙora, ya ce "cotto", bai ƙara komai ba. A littafinmu "cotto" na nufin kaɗan. Sai na buɗe su kaɗan, na tafi aji, na manta.

Da safe na tarar da layin da ke kusa da tagogin ya kwanta, sanyi ya ƙone shi. Kuroda ya zo ya ga ɓarnar. Ya kwaso sabuwar ƙasa ya durƙusa yana sake shuka, na durƙusa kusa da shi muna yi. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da na ba Malama Morita labari, ta ce a nan ba a cika cewa a'a kai tsaye ba. In mutum ya ce maka "cotto" ya bar maganar a rataye, to ya ƙi ke nan, yana rage maka kunya ne. Ta ce ko "hai" da muka ɗauka i ce, sau da yawa tana nufin ina jinka kawai. Na zauna ina tunanin mutane nawa suka ce mini a'a tunda na zo ban sani ba. Kaina ya yi nauyi, Yaya. Wani lokaci in na dawo ɗaki ko fitila ba na kunnawa.

Game da Inna, Kawu ya kira ni ranar Lahadi. Ya daɗe yana magana, na saurare shi. Maganarki haka take, asibiti ya fi sanin ido. Shi ma Kawu bai faɗi ƙarya ba da ya ce Inna na tsoron wurin, kuma babba ne, ya ga abin da ba mu gani ba. Tunda akwai sauran lokaci kafin Janairu, ku zauna ku daidaita a hankali, kada a ɓata wa kowa rai. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Ki gaida kowa.

Alhassan

Madarumfa, ƙarshen Disamba

Alhassan,

Salam. Na ga saƙonninka suna ta shigowa kana tambayar ko lafiya. Ban amsa ba don ba ni da hannun rubutu, ba ni da bakin magana. Yara lafiya. Inna ba lafiya.

Da takardarka ta zo na ga ka ce maganata haka take, sai hankalina ya kwanta, har na ce wa Malam Sa'idu an gama. Na karanta wa Inna duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ashe ita abin da ta riƙe shi ne inda ka ce Kawu babba ne, ya ga abin da ba mu gani ba.

Ranar da aka tura mu taron malamai a Maraɗi, Kawu ya zo da mota. Ya ce wa Inna ya yi magana da kai kuma ka amince. Ta ɗauki mayafinta ta bi shi. Da na dawo na tarar da ita kwance, an ɗaure idon hagu da ƙyalle. Washegari da aka kwance ta ce tana ganin hasken ƙofa, har ta nuna inda randa take. Kawu ya yi ta zagayawa yana ba mutane labari. Ni kaina na fara cewa ko ni ce na yi kuskure.

Bayan kwana biyu ciwo ya taso. Idon ya yi jajir ya kumbura, kanta kamar zai tsage, ko ruwa ta sha sai ta amayar. Inna da ka sani ba ta kuka a gaban mutane, sai ga ta tana riƙe da hannuna tana kiran sunan Baba. Muka ɗauki motar haya zuwa Maraɗi. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan idon ba zai ƙara gani ba, sai dai a kashe ciwon. Ya ce na dama yana nan da rai, kada a bar kowa ya taɓa shi.

Yanzu ciwon ya lafa da magani. Amma Kawu bai sauka ba. Ya ce laifin Inna ne, ta fita cikin iska alhali mai maganin ya hana. Ya ce mutumin zai dawo kasuwa nan gaba kaɗan, zai yi na daman, wannan karon a gidansa na Ɗan Issa za ta yi jinya don a kula da ita yadda ya kamata. A gaban Inna na tambaye shi ko da gaske ka amince. Ya ce, "Da kunnena na ji. Duk abin da na faɗa, haka ne Kawu yake ce mini."

Alhassan, me ka ce mishi? Ni ka ce mini haka ne, shi ka ce mishi haka ne. Ba zan iya ajiye aiki in zauna ƙofar ɗakin Inna ina gadi ba, kuma in ya zo da mota ya kira sunanka, za ta bi shi. Ido ɗaya ya rage mata. Addu'a muna yi, kai ma ka yi, amma ka faɗi inda ka tsaya.

Zahara'u

Japan, watan Janairu

Yaya Zahara'u,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna, yaya ƙarfin jikinki? Takardarki ta same ni a rumfar iri. Na karanta ta a tsaye, na fita waje na zauna kan wani buhun taki har sanyi ya kore ni.

Kin tambaye ni me na ce mishi. Abin da ya faɗa miki gaskiya ne. Yana magana ina cewa haka ne Kawu, haka ne Kawu. A raina ina nufin ina jinsa, ina jiran ya gama. Da ya gama kuma ban ce komai ba, sai gaisuwa. Ban ce a kai ta ba, ban ce kada a kai ta ba. Na ɗauka ke za ki tare shi kamar yadda kika saba.

Na so in kira shi ranar, na kasa. Na ɗauki waya na ajiye ban san sau nawa ba. Da yamma na tafi aji don kawai kada in zauna ni kaɗai. Malama Morita ta haɗa mu biyu-biyu, kowa ya faɗi ko zaman birni ya fi ko na ƙauye. Abokina ya ce birni ya fi, na ce "watashi mo so omoimasu". Ta canza mini wani, ya ce ƙauye ya fi, na ba shi amsar da na ba na farko. Aji ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tsaya gabana ta ce, "Do omoimasu ka?" wato kai yaya kake gani. Na buɗe baki ban samu abin faɗa ba, ko da Hausa.

Sai ta rubuta mana tsarin a allo. Ka fara nuna wa mutum ka ji maganarsa. Ka ce "sumimasen ga", a gafarce ni, amma. Sannan ka faɗi naka, ka rufe da "to omoimasu", a ganina ke nan. Ta ce farkon da ƙarshen don kada mutum ya ji an wulakanta shi ne, amma in ba ka sa komai a tsakiya ba, ba ka yi magana ba.

Ranar Lahadi da yamma na kira Kawu, ku da safe ke nan, yana shagonsa, ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, na ji duk abin da ka faɗa, na kuma san don Inna kake yi. A gafarce ni, amma ban yarda a sake kai ta wurin mutumin nan ba. A ganina asibiti za a kai ta."

Sai ya ce, "Zahara'u ce ta rubuta maka wannan?"

Na ce, "A'a Kawu, ni ne."

Daga nan ya buɗe. Ya tuna mini ranar da ya ɗauko ni daga gidan makoki a bayan kekensa, da shekarun da na ci tuwon gidansa. Ya ce ƴan watanni a ƙasar waje sun sa na fi shi sanin ƙanwarsa da suka fito ciki ɗaya. Duk inda ya numfasa sai in ji bakina yana son cewa haka ne, sai in danne shi. Da ya gama na ce ban manta da ko ɗaya ba, amma maganar ido tana nan yadda na faɗa. Ya ce, "To. Uwarka ce." Ya kashe waya.

Ban ji wani sauƙi ba, Yaya. Abincin ranar ma ban ci ba.

Wannan layin na ƙasa ki karanta wa Inna yadda yake, kada ki gyara. Inna, Alhassan ne. Kada ki bi kowa zuwa Ɗan Issa don maganin ido, ko da an ce ni na ce. Ki bi Yaya Zahara'u asibitin Maraɗi a yi miki aiki. Na san kina tsoron wurin, amma can nake so ki je.

Ƙanenki,
Alhassan

Madarumfa, watan Fabrairu

Ƙanena Alhassan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan sanyin ya fara sakinka. Rashida ta zo da yara sun yi mana kwanaki, ta kama mini aiki sosai, ka gode mata.

Na karanta wa Inna layinka yadda ka ce. Ta tambaye ni ko da gaske haka ka rubuta, na rantse mata. Ta ce to, a shirya mata kaya.

An yi aikin. Muna kan layi tun da sassafe cikin tsofaffi daga Gabi da ƙauyukan bakin iyaka, kowa da mai ja mishi hannu. Inna ta riƙe zanena har ƙofar ɗakin, sai da wata ma'aikaciya ta lallashe ta ta saki. Washegari aka cire audugar. Ta yi ta ƙifta ido, ta kalli taga, ta kalli hannunta, sannan ta juyo ta kalle ni ta daɗe. Ta ce, "Zahara'u, yaushe kika yi furfura haka?" Na ce mata tun tuni. Na fita waje na tsaya bayan wata mota har na samu kaina.

Yanzu tana zuwa bayi da kanta, tana hura wuta, ta ma leƙa lambu ta yi faɗa a kan yadda aka yanke zogale. Na hagu ya rufe, ya ɗan shige ciki, wani lokaci yana yi mata tsiyaya.

Kawu bai zo asibiti ba, bai zo gida ba, bai aiko ba. Inna ta dame ni sai an kai ta ta gan shi, na kai ta ranar Juma'ar da ta wuce. Da muka sauka ta hana ni riƙe hannunta. Ta tsallaka kwata da kanta, ta ratsa tsakanin buhuna ta shiga shagon ta yi mishi sallama. Ya ɗago ya kalle ta, ya kalli idon hagun, ya ce, "Kina ganina?"

Ta ce, "Ina ganinka, Yaya, da wanda ya rage."

Ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya juya yana gyara buhunan da ba su buƙatar gyara. Daga baya ya aika aka sayo mata fura, suka yi hirar mutanen da suka rasu. Ni gaisuwa kawai ta haɗa mu. Sunanka bai fito daga bakinsa ba har muka taso. Ka ci gaba da gaishe shi ranar Juma'a ko bai ɗauka ba, amma kada ka kira ka janye abin da ka faɗa.

Ni dai na gaji, Alhassan. Na dawo da kwana gidana, amma har yanzu in na ji motsi sai in zabura in ɗauka Inna ce ta faɗi. In ka gama sitaj ka dawo, za ta koma wurinku Maraɗi ta yi wata biyu, kai za ka riƙa kai ta ganin likita. Na riga na gaya wa Rashida, na gaya wa Inna. Kai ma gaya maka nake yi, ba shawararka nake nema ba.

Ka gaida malamarku da dattijon nan mai tumatir.

Yayarka,
Zahara'u